Abin da Auta Ta Ɗinke a Akwatin Yayarta

A garin Anka akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu. Kowa Auta yake ce mata, har malamanta.

Auta tana da yaya mai suna Zubaida. Zubaida ta ci jarrabawa, ta samu tallafin karatu zuwa wata ƙasa mai nisa. A can za ta koyi aikin likitan ido. An ce ƙasar akwai sanyi, har ƙanƙara take sauka a kan tituna.

Saura kwana uku tafiya, sai ga Kaka Saude a bayan mashin, daga garin Adabka. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Ke Auta, ɗauko mani turmi."

Suka daka busasshen ganyen sabara. Suka zuba citta da kanumfari da 'yar jar kanwa. Auta ce ta tankaɗe, tana ta atishawa. Kaka ta ƙulla ƙulli uku, sauran garin ta juye a gwangwanin madara.

Ta kira Zubaida ta ce, "Karɓi. Cokali guda cikin kunu kullum da safe. Sanyi ba shi kama ki."

Zubaida ta durƙusa. Ta ce, "Na gode, Kaka. Amma ba zan iya tafiya da shi ba. Makarantar ta aiko da takarda. An hana shiga da nama ko ganye, ko maganin da ba shi da takardar likita."

"Su wa sunka hana? Da wanga magani na reni ubanki. Dube shi, kamar rumbu!"

Baba ya yi dariya, ya ce, "A yi haƙuri. Dokar ƙasarsu ce."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta mayar da ƙullinta cikin jaka, ta koma gindin darbejiya ta zauna. Auta ta bi ta. Ta ga tana share ido da bakin zane.

Kaka ta ce, "Ɗiyar nan za ta tahi ƙasar ƙanƙara hannu wofi. Wa za ya dube ta in ta kwanta?"

Maganar ta tsaya wa Auta a rai.

Washegari aka karɓo akwatin Zubaida daga wurin Badaru tela, wanda ya sa masa sabon zif. Zubaida ta shirya kayanta tsaf. Da rana ta fita tare da Inna da Kaka, suna yi wa maƙwabta sallama. Gida ya rage Auta kaɗai.

Ta ɗauko gwangwanin madara. Ta ɗebi gari ta zuba a ƙananan ledoji uku. Ta danne su suka yi fale-fale. Ta naɗe su da baƙin tef don kada ƙamshin citta ya fita. Sannan ta sa reza ta farke shafin akwatin daga ƙasa, ta tura su ciki. Ta ɗinke da baƙin zare.

Auta gwana ce a ɗinki. Ko ita da ta yi, sai da ta shafa da yatsa kafin ta gane wurin.

Ta ce a ranta, "In Yaya ta isa sai in gaya mata a waya. Za ta yi dariya. Kaka kuma ta ji daɗi."

Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis Zubaida ta tafi Abuja. Kaka ma ta koma Adabka. Ranar Juma'a jirgi ya tashi.

Ranar Asabar da hantsi, Auta tana wanke-wanke, wayar Baba ta yi ƙara. Inna ta fito da gudu daga madafi.

"Ita ce! Malam, buɗe muryar mu ji."

Baba ya buɗe. Ya ce, "Zubaida, kin sauka lafiya?"

Zubaida ta ce, "Baba, sun tsare ni a filin jirgi."

"Tsare ki? Me kika yi?"

"Na'urarsu ta ga wani abu a shafin akwatina. Sun farke, sun fito da ƙunshi uku naɗe da baƙin tef. Gari ne a ciki. Ko taɓawa ba su bar ni na yi ba."

Kwanon da ke hannun Auta ya suɓuce cikin ruwa.

Zubaida ta ci gaba. "Tun farko sun tambaye ni ko ni na shirya kayana. Na ce ni ce. Sun tambaye ni ko ina ɗauke da magani. Na ce babu. Yanzu sun ce ƙarya na yi musu. Suna zaton ƙwaya ce."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Zubaida ta ce, "Sun karɓe fasfona. Garin kuma sun kai shi wurin gwaji. Sun ce ko ba ƙwaya ba ce, in ban faɗi yadda ya shiga akwatin ba, jirgin yamma zai dawo da ni. Baba, in na dawo, karatun ya tafi ke nan. Baba, wallahi ban..."

Wayar ta yanke. Baba ya kira, ya sake kira. Babu sabis.

Ya dubi Inna. "Ko maganin tsohuwa ne?"

Inna ta girgiza kai. "Da idona na ga ta mayar da shi jaka. Kuma ita da ko zare ba ta iya sa wa allura?"

"To wa ya taɓa akwatin nan?"

Sai Inna ta ce a hankali, "Kwana biyu ya yi a shagon Badaru."

Auta tana jin su. Ta sunkuya tana ta cuɗa kwano ɗaya, kwanon da ya daɗe da fita.

Baba ya aika aka kira Badaru. Ya zo da tef ɗin awo rataye a wuya, yana murmushi.

"Malam, ina kwana? 'Yar boko ta sauka?"

Baba bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Me ka sa a akwatin 'yata?"

"Zif, Malam."

"Ban da zif!"

Murmushin Badaru ya gushe. Da aka gaya masa abin da ya faru, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Malam, shekara goma sha biyu ina yi wa gidan nan ɗinki. Rigar makarantar Zubaida ta farko ni na ɗinka. Ni zan cuce ta?"

Hayaniya ta jawo maƙwabta. Zaure ya cika. Wani ya ce, "Mutum ba abin yarda ba ne yanzu." Wata ta ce, "Haka suke yi, su sa wa matafiyi kaya bai sani ba."

Baba ya ɗauki hularsa. Ya ce, "Tashi mu je ofishin 'yan sanda. Can za ka yi bayani."

Badaru ya miƙe. Don ruɗewa har ya kasa saka takalmi ɗaya. Auta ta tuna da 'yarsa Bilkisu. Benci ɗaya suke zama a aji.

Suna kaiwa bakin ƙofa, Auta ta yi ihu.

"Baba, ni ce!"

Kowa ya waiwayo.

"Ni na sa. Maganin Kaka ne. Ni na ɗinke." Ta fashe da kuka.

Inna ta yo kanta. "Ke! Kina tsaye kina ji tun ɗazu?"

Baba ya tare ta. Ya ce, "Bari. Faɗa zai jira, jirgi ba zai jira ba." Ya tsuguna gaban Auta. "Share hawayenki. Mene ne a cikin garin? Kada ki bar ko ɗaya."

"Sabara. Citta. Kanumfari. Jar kanwa."

"Kin tabbata?"

"Ni na tankaɗe, Baba. Saura yana cikin gwangwani."

A cikin maƙwabtan akwai Madam Salome, ma'aikaciyar asibiti. Ta matso ta ce, "Malam, mutanen can ba su san sabara ba. Sai an rubuta musu sunan kimiyya da ke cikin littafi. Kawo biro."

Ta rubuta sunayen guda huɗu. Ta ɗauki hoton gwangwanin da sauran ganyen. Baba ya rubuta wasiƙa, ya faɗi duk abin da ya faru, ya sa hannu. Auta tana kallon hannunsa. Ba ta taɓa ganin rubutun Baba ya karkace ba sai ranar.

Suka gwada turawa. Saƙon ya ƙi tafiya.

Badaru ne ya ce, "Ku zo bakin shagona. Can sabis ya fi ƙarfi."

Suka bi shi da sauri. Auta tana gudu a baya, riƙe da allura da ragowar tef. A bakin shagon Baba ya ɗaga waya sama. 'Yar da'irar da ke fuskar wayar tana ta juyawa, tana ta juyawa. Can sai saƙon ya tafi.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Wannan karon da hoto. Auta ta ga Zubaida zaune a wani farin ɗaki, idanunta sun kumbura. Kusa da ita akwai wata mata daga makarantar, wadda ta zo tarbar sabbin ɗalibai. Ga kuma jami'in kwastam, fuskarsa ba walwala.

Zubaida ta ce, "Auta, sun karanta wasiƙar. Yana so ya yi magana da wadda ta ɗinke. Zan fassara miki. Ki faɗi gaskiya kawai."

Auta ta ce, "To."

"Ya ce ƙunshi nawa ne?"

"Uku."

"A wane ɓangare?"

"A ƙasa, wajen tayar hagu. Ɗaya ya fi sauran girma, don ledar ta ƙare."

Jami'in ya duba wata takarda.

"Ya ce da wane irin zare?"

Auta ta ɗaga allurar. Baƙin zaren yana nan a jiki. Ta ɗaga tef ɗin ma.

"Ya ce me ya sa kika ɓoye?"

Hawaye suka sake zubo mata. "Don kada sanyi ya kama ki. Kuma na san in kin gani za ki cire."

Zubaida ta fassara. Jami'in ya daɗe yana kallon Auta. Ya rubuta wani abu. Ya ce sai sakamakon gwaji ya fito. Aka kashe waya.

Suka zauna a bencin Badaru. Inna ta aiko da tuwo, ba wanda ya taɓa. Duk mashin ɗin da ya wuce, Auta sai ta zabura, ta zaci waya ce. Inuwar shago ta tashi daga ƙafafunsu ta kai tsakiyar titi.

Ana kiran sallar la'asar waya ta yi ƙara.

"Baba, sun sake ni! Ga fasfona a hannuna!"

Baba ya ce, "Alhamdulillahi." Ya sake faɗa har sau uku.

Zubaida ta ce gwaji ya nuna ba ƙwaya ba ce. Amma sun ƙwace garin, za su ƙona. Sun kuma rubuta mata gargaɗi. In aka sake kama ta da abin da aka hana, ba za ta ƙara shiga ƙasar ba.

Sai ta ce, "Ba ni Auta."

Auta ta karɓi waya da hannu biyu. "Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe, sarkin ɗinki. Amma yau kin sa na tsufa. Kin san mene ne abin haushin? Ɗakin kwananmu akwai na'urar ɗumama ɗaki. Matar nan ta ce har zufa ake yi."

Auta ta yi dariya cikin kuka.

Baba ya miƙe. Ya sa aka kira maƙwabtan da suka taru da safe. A gabansu ya kama hannun Badaru. Ya ce, "A gaban mutanen nan na zarge ka. A gabansu nake roƙonka gafara. Na yi gaggawa."

Auta ta durƙusa. "Kawu Badaru, ka yi haƙuri. Na yi shiru ana zarginka."

Badaru ya ce, "Ya wuce, Malam. Ke kuma tashi. Ɗinkin da ya gagari idon yayarki sai na'ura, ai ba na yara ba ne. In an yi hutu ki zo, ina da riguna ashirin masu jiran kalmasa."

Mutane suka kwashe da dariya.

A hanyar gida Baba ya ce, "Auta, me kika koya yau?"

Ta yi tunani. Ta ce, "Kada in sa wa matafiyi abu a kayansa bai sani ba."

"Sai me?"

"Kowace ƙasa da dokarta. In an ce an hana, to an hana, ko da abin mai kyau ne."

"Saura ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai. "In na yi laifi in faɗa da wuri, kafin ya faɗa kan wani."

Baba ya dafa kanta. Ya ce, "Son da kike yi wa yayarki abu ne mai kyau. Amma taimakon da sai an ɓoye shi, a tsaya a tambayi manya tukuna."

Bayan sati biyu Zubaida ta aiko da hoto. Tana tsaye a ƙofar ajinsu cikin farar riga, tare da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Auta ta ƙirga su, su goma sha tara. Yayarta ce ta uku daga dama, tana dariya.