Tari a Cikin Famfo

Famfonmu ya daɗe da zama abin ado. Unguwa ta cika maƙil, gida bisa gida, kowa ya haƙa burtsatse har ƙasa ta ƙafe. Rijiya ɗaya ta rage mana, a bayan bola, inda ruwan kwata ke taruwa.

Wata rana zazzaɓi ya kama autata, randa kuma ba ko ɗigo. Dab da magariba na goya ta, na soke 'yar gorar ruwan da nake ba ta magani da shi a ƙugu, na fita.

Ba kowa a bakin rijiyar, sai hayaƙin leda da warin mushe. Igiyar gugan duk ƙulli ce, don duk shekara sai mun ƙara mata tsawo. Na zura har ta ƙare, ban ji guga ya taɓa ruwa ba.

Sai aka ja ta daga ƙasa.

Na ce ko a dutse ta maƙale. Da na janyo, gugan ya fito da nauyi: baƙin ruwa, matattun batura, tsofaffin allurai, ƙunzugun jarirai.

"Kayanku ne," in ji wata muryar mace daga can ƙasa, a hankali. "Wai ku nawa ne yanzu?"

Muryar ta ci gaba:

"Da tare muke sha da kakanninki, ba mai cutar wani. Ga shi ɗana ya sha abin da kuka zubo."

Na ji tarin yaro, siriri, daga cikin duhun.

"Taki ma jikinta da zafi. Kawo ta su yi jinya tare."

Wani abu mai sanyi ya fara kwance mini majanyi.

Na zaro gorar na jefa mata. "Ba shi wannan, baiwar Allah. Mai kyau ne."



Aka daina kwance majanyin. Na dafe goyona na zura a guje, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Auta ta warke. Da na ba da labari, maƙwabta suka ce gajiya ce. Daga baya aka cike rijiyar da shara, aka gina shaguna a kai.

Amma tun daga ranar, in na kara kunne a busasshen famfonmu, nakan ji tarin yaron. Har na saba, ina yi masa addu'a.

Jiya tarin ya tsaya. Tun safe auta na bayana, na kasa sauke ta don tsoron uwar yaron.