Motar da Ta Fi Arha

Da hantsi aka kira Sufeto Kuwabara gidan Shiraishi, wani tsohon attajirin ganyen shayi a Shizuoka. An sace masa ɗaya daga cikin ƙananan motocin gudu huɗu da yake adanawa, irin masu yankakken bayan nan.

Ya tarar da tsohon a gareji yana ta huci.

"Dubi 'yar Italiya, Sufeto, ta fi gidan nan tsada. 'Yar Jamus ba ta taɓa yi mini ko tari ba. 'Yar Faransa kuwa, in ta shiga kwana sai ka ce rawa take. Duk ya tsallake su ya ɗauki 'yar gida, wadda ta fi arha. Wane irin sakaran ɓarawo ne wannan?"

Kuwabara ya lura 'yar Italiyar ce ke tare ƙofa, ga kuma sabon baƙin hayaƙi a bangon bayanta.

"Sai da aka tayar da wannan aka matsar da ita kafin a fitar da waccan. Wa ya iya?"

"Daga ni sai Tokuda makanike. Taurin kai ne da ita, sai an lallashe ta."

Kuwabara ya san sunan. Tokuda ne ya koya masa tuƙi a hanyoyin dutse tun yana kurtu.

Ya same shi a shagonsa yana cin taliya.

"Kuwabara! Har yanzu kana taka birki kamar tsohuwa?"

"Maigida, ina kake jiya?"

"Nagoya, wajen 'yata. Zauna mana."

Bai zauna ba. Ya fita ya buga wa 'yar Tokuda waya. Ta ce rabonta da babanta tun sabuwar shekara.

Ya dawo ya wuce kai tsaye rumfar baya, ya yaye tamfol. Ga motar da aka sace nan, fara fat.

"Ni za ka kalla ka yi wa ƙarya, Maigida?"

Tokuda ya ajiye kwanon.

"Da hannuna na haɗa injinta. Kofin gasar tsere shida na ciyo wa Shiraishi da ita. Ya rantse mini bayan ransa tawa ce. Ranar Litinin ya ce in wanke ta, wai wani Bature zai ba shi wata 'yar Italiyar a madadinta ranar Juma'a. In wanke ta, Kuwabara! Shekara talatin muna tare."

Kuwabara bai sa masa ankwa ba. Ƙofar motar 'yan sanda kawai ya buɗe masa.

Suna shirin tashi Shiraishi, wanda aka sanar da shi, ya iso a tasi. Bai ko dubi Tokuda ba. Ya zagaya motar yana shafa fenti, ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya juyo.

"Sufeto, ko ka san wani makaniken da zai wanke mini ita kafin Juma'a?"