Hatimin Shugaba Onodera

Wata takwas Shunpei da Chihiro suna aiki tare ba su taɓa ganin juna ba. Shi yana garin Kagoshima, ita tana can garin Sendai mai nisa, sauran ma'aikata goma sha biyu sun warwatsu a tsakani. Ran nan kyamararta ta buɗe bisa kuskure a tsakiyar taro, tana zuƙar taliya, miya har haɓa. Shunpei ya manta alƙaluman da yake karantawa.

Bayan taro ya tura mata saƙo: "Taliyar ta yi sa'a."

"Goge abin da ka gani, ɗan sa ido."

"Ba ya goguwa, Chi-chan."

Shugaban sashen, Onodera, mahaifinta ne, kuma shi ya kafa dokokin aiki daga gida. Kowa ya rubuta rahoton yini a shafin da kowa ke gani, shi kuma ya buga masa hatiminsa ta kwamfuta. Kullum yana cewa, "Abin da na buga wa hatimi, na karanta, na amince."

Wata Laraba, bayan soyayyarsu ta yi nisa, Shunpei ya tsara wasiƙar neman aure, ya ajiye ta har sai ya samu ƙarfin halin turawa. Da yamma ya liƙa ta a rahoton yini, a ƙarƙashin lissafin kwastomomi, bai lura ba.

"Shugaba, ina roƙon ka ba ni Chihiro. Zan kula da ita har tsufa."

Mutum goma sha uku suka karanta, suka daskare. Chihiro ta kira shi.

"Ka haukace? Har mai lissafin albashi ta gani!"

"Me ta gani?" Ya duba. Ya zauna a ƙasa.

Ƙarfe shida daidai, jan hatimin Onodera ya sauka a kan rahoton.

Da safe, a taron bidiyo, wata ta ce, "Shugaba, muna taya ka murna." Aka yi masa bayani. Fuskarsa ta tsaya cak, har wasu suka zaci intanet ce ta yanke.

"Yaron da ban taɓa ganin ƙafafunsa ba? Sam!"

"Baba," in ji Chihiro a hankali, "ai ka buga hatimi."

"A nan ni Shugaba ne."

"To, Shugaba, ko dai ba ka karanta ba?"

Fuskoki goma sha huɗu suka zuba masa ido. Shekara uku suna rubuta masa rahoto kowace yamma. Onodera ya sha shayi, ya daɗe yana sha.

"Na karanta," ya ce. "Yaro, ka hau jirgi ka zo in ga ƙafafun."

Aka yi biki a Sendai da bazara, dangi na ta sa albarka, ma'aikata suka ga juna ido da ido karon farko. Da aka kawo takardar aure don ya sa hannu a matsayin shaida, Onodera ya ɗora tabarau, ya karanta ta sau uku, gaba da baya.

"Ku tsufa tare," ya ce, sannan ya danna hatimi.