Shirun Mahasin

"Ki cire zoben ɗana."

Widad ta ɗago ido ta dubi Hajja, mahaifiyar Hatim, saurayin da zai aure ta. Shi yana tsaye a bakin ƙofar falonsu na unguwar Hayyin Ashir, kansa a ƙasa. Yayarsa Mahasin na zaune a gefe, kusa da Reem, 'yar ƙanwar Hajja, wadda ta daɗe tana son Hatim.

Reem ce ta kawo labarin wai Widad na bin gidajen matan aure tana tono sirrin shimfiɗarsu.

Kuma ba duka ne ƙarya ba. Widad na digiri na biyu a fannin lafiyar mata. Aikinta shi ne gwada wasu tambayoyi da likitoci za su riƙa auna lafiyar saduwar ma'aurata da su. Ta mayar da su Hausa, mata su amsa, ta sake komawa ta ga ko amsar ta tsaya, ko wata kalma ce ba su gane ba.

Ta yi wa Hajja bayani. Hajja ta ce budurwar kirki ba ta da bakin irin wannan zance, khalas, shi ke nan.

Widad ta juya ta dubi Mahasin...

Tun haihuwarta ta ƙarshe Mahasin ke fama da zafi duk sanda mijinta ya kusance ta, har aurenta ya fara tangal-tangal. Ranar da Widad ta yi mata tambayoyin, a kan tambayar zafi ta fashe da kuka. Widad ce ta raka ta wurin wata likita a Wustul Balad, can tsakiyar gari, ta kuma rantse mata ba mai ji.

Kalma ɗaya daga bakin Mahasin ta isa ta wanke Widad.

Mahasin ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Habibti, ki bar aikin nan kawai," in ji Hatim a hankali. "Don Allah. Saboda ni."

"Ka san me nake yi, Hatim. Kai kake kai ni gidajen."

Bai musa ba, bai kuma faɗa wa Hajja haka ne ba.

Widad ta zare zoben ta ajiye kusa da kofin shayin da ba ta taɓa ba. Sai da ta shiga motar haya kukan ya ƙwace mata.

Ta rame a watannin da suka biyo, amma ta ƙarasa aikin. Tambayoyin suka tabbata, in ban da biyu da aka cire.

Ranar da ta kare bincikenta, ta tarar da Hatim a ƙofar jami'a. Ya faɗa sosai. Ya ce Mahasin ta kasa riƙewa, ta gaya wa Hajja komai, yanzu Hajja da kanta ke neman gafara. Reem kuwa ko kallonta bai yi ba.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, masoyiyata... ki dawo."

Har yau tana sonsa, ta sani.

"Da Yaya Mahasin ba ta yi magana ba, da ka zo?"

Ya kawar da kai gefe.

Ta ba shi lokaci, tana roƙon Allah a ranta ya ce wani abu. Da shirun ya yi tsawo, ta gyara jakarta.

"Ka ce wa Hajja na yafe. Kai ma na yafe maka."

Ta tsallaka titi hawaye na zuba, ba ta waiwaya ba.