Albashin Marwa

Marwa na durƙushe tana wanke gyambon ƙafar wata tsohuwa mai ciwon suga ranar da ta fara ganin Abdulrauf. 'Yan dubiya duk sun toshe hanci sun sulale waje, shi kaɗai ya tsaya riƙe da kafaɗar tsohuwar, mahaifiyarsa Inna Kaltuma. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a unguwar Uhudu, har da baƙin mai a farcensa.

Inna Kaltuma ce ta karɓi lambarta, wai don tambayar magani. Saƙon da ya iso kuwa ba na magani ba ne.

"Malamar asibiti, ƙafar Inna tana warkewa. Ɗanta ne ya kwanta, kuma ya ce ba ya son hannun kowa sai naki."

"Ya sha ruwa da yawa, zai tashi," ta mayar masa, tana dariya ita kaɗai.

Daga nan ya koma kiranta Nurul-aini, wato hasken idonsa, ita kuma ta sa masa Sanyina. Da ya aiko manyansa, mahaifinta Baba Yahya ya karɓe su a tsaitsaye.

"Mai hawa katangar mutane da sukundireba zan ba 'yata? A yi haƙuri."

Sai ka ce manema layi suke yi a ƙofar gidan. Matan unguwarsu, Harra ta Gabas, ba su taɓa ɗaukar nas a bakin komai ba, sunanta a wurinsu mai kwashe kashin marasa lafiya. Gwanarsu ita ce Hajiya Tasallah ta unguwar Khalidiyya, wadda a wata walima Marwa ta miƙa mata dabino, ta janye hannu ta ce da 'yar aikinta, "Ke, karɓa ki wanke tukuna."

Ana nan Marwa ta ƙare wani kwas, wani ofishin lauyoyi ya ɗauke ta ta riƙa duba musu bayanan asibiti in an kawo ƙarar sakacin jinya. Kafin ta ma fara, matan Harra sun yanka mata albashi da bakinsu. Wata ta ce riyal dubu ashirin, ta gaba ta ce talatin ne, har da mota. Ba wadda ta tambayi mai aikin.

Sai ga Hajiya Tasallah da kwalin turaren udu, tana kiran Marwa "bintina", wato 'yata, tana nema wa ɗanta Abdulfattah. Baba Yahya baki har kunne, nan take ya sa ranar gani da ido.

Saƙon Abdulrauf ya zo gajere: "Na ji kin zama ta manya. Allah ya sanya alheri. Ba zan tsaya miki a hanya ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ba ta zaci har shi zai auna ta da ma'aunin Harra ba. Ta rubuta: "Wa ya ce ka matsa? Ashe kai ma jita-jita kake saye. Tsaya inda na bar ka, Sanyina."

Ranar gani, Abdulfattah ya shigo tare da mahaifiyarsa, yana ƙamshi kamar an fasa shagon turare, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ko lafiyarta bai tambaya ba.

"Ratib ɗin, yani albashin, nawa ne daidai? Saboda muna so a rubuta a sharaɗin aure, rabi ya riƙa shiga gida."

Marwa ta dube shi sama da ƙasa, ta cika masa kofin gahawa.

"Bai kai na asibiti ba. Babu alawus ɗin kwana, babu kuɗin ƙarin lokaci, kuma a matakin gwaji nake. In babu shari'a, abin sai a hankali. Ba don kuɗi na koma ba, bayana ne ya gaji da ɗaga marasa lafiya."

Kofin Hajiya Tasallah ya tsaya a iska. "To lauyoyin me suke ba ki?"

"Kujera, Hajiya."

Nan Hajiya ta tuna tana da baƙi a gida. Ta miƙe, ɗan ya bi ta zugui-zugui. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta sunkuya ta ɗauki kwalin turarenta ta cusa a ƙarƙashin abaya, a gaban mai gida.

Baba Yahya ya daɗe yana kallon gurbin kwalin a kan tebur. Can ya yi gyaran murya.

"Yaron nan mai gyara, ya taɓa tambayarki albashi?"

"Tambayarsa kullum ɗaya ce, Baba, ko na ci abinci."

"Ki ce ya turo manyansa. Wannan karon za su zauna."

Ranar ɗaurin aure, malamin ya tambayi sharaɗin amarya, ta ce aikinta kawai. Da aka juya ga ango, ya ce shi ba shi da wani sharaɗi, a dai ba shi ita.

A ɓangaren mata kuwa, Inna Kaltuma ta shigo da ƙafarta, ba sanda, ta ratsa matan Harra da suka zo ƙirga gwal ɗin amarya. Ta zauna kusa da Marwa, ta tura mata farantin dabino.

"Ki ba ni da hannunki, 'yata."

Marwa ta sa mata a baki. Tsohuwar ta riƙe hannun ta sumbace shi ciki da baya, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki za su ji.

"Wannan hannun ne ya hana a yanke min ƙafa. Allah ya yi masa albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Ɗaki ya amsa da amin, har da waɗanda suka faɗe ta ciki-ciki.