Tabawa a Bencin 'Yan Aji Huɗu

A wani gari can, an yi wata budurwa mai suna Tabawa, wadda ba ta da buri sai na koyon ilmin kwamfuta. Amma lissafi yana ba ta wuya ƙwarai. Da ta je makarantar kwamfuta, Malam Barau ya yi mata gwajin shiga, ta ci biyu cikin goma.

Ta ce, "Malam, sai in haƙura ke nan?"

Ya ce, "A ina lissafin ya fara ɓace miki?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Tun a aji huɗu, wajen rabawa."

"To, koma can ki ɗauko shi. Bayan wata uku akwai gwajin ƙarshe."

Washegari Tabawa ta roƙi malamar aji huɗu na firamare, aka ba ta ƙaramin benci. Yara suka yi ta dariya. Malama ta yi bayani, Tabawa ta ɗaga hannu ta ce, "Ban gane ba, a sake." Aka sake. Kashegari ma ta ce, "Ban gane ba, a sake." Aka sake.

Wata rana ƙawayenta suka leƙo ta taga, suka ce, "Ke da girmanki?" Kunya ta rufe ta, hawaye ya cika idonta, amma ba ta tashi ba.

Ranar gwaji ta ci bakwai cikin goma.

Malam Barau ya ce, "Saura uku fa."

Tabawa ta ce, "Su a nan zan koye su, Malam."

Sai ya jawo mata kujera gaban kwamfuta, ya ce, "Bismilla, zauna."