Kwana Tara Allo a Buɗe

Magariba ta kawo jiki, gidan ya yi tsit, sai ƙarar maɓallan kwamfuta daga ɗakin Auta. Washegari za ta miƙa manhajar da take rubutawa, aikinta na kammala makaranta. Yayanta ne ya zaɓar mata edita, wato abin rubuta manhaja, irin na baƙin allo, wanda ba a taɓa maus sai maɓallai kawai, wai shi ne na ƙwararru. Ya koya mata shiga da rubutu, ya manta bai koya mata adanawa da fita ba. Ita kuwa girman kai ya hana ta tambaya. Kwana tara allon yana buɗe.

Dutse na farko ya sauka a kan rufi. Na biyu ya fasa taga, ba a ga mai jifa ba. Da Baba ya banke ƙofa, sai ya ga maɓallai suna dannuwa ba hannu a kansu, an ɗaga Auta sama an maka ta da bango. Ƙaramin yatsanta ya lanƙwashe baya a hankali har ya ce ƙas.

Malamin da aka kira ya zauna a gabanta, maza biyu na danne da ita, ya yi ta karatu har muryarsa ta dishe. Can bakinta ya buɗe, muryar wani ƙato ta fito.

"Ƙofa na tarar a buɗe, na shiga. Na yi ta neman hanyar fita na rasa."

"Me kake so?" in ji Malam.

"In kun adana aikin, da ni kuka adana. Kowace magariba yatsa ɗaya."

"In an rufe ba a adana ba fa?"

"Sai in tafi. Amma da duk abin da ta rubuta."

Malam ya dubi Yaya. Yaya ya ja kujera gaban kwamfutar. Ya san wahalar da ke cikin layukan nan, ya tsaya yana lallube ko zai kwafe wani abu. Ba a ko jira wata magariba ba, yatsa na biyu ya karye, Inna ta kurma ihu. Nan take ya buga umarnin fita ba tare da adanawa ba, allon ya share.

Iska mai zafi ta fice ta fasasshiyar taga, jikin Auta ya saki.

Da ta farfaɗo ba ta ko dubi hannunta ba. Ta nemi fuskar yayanta.

"Yaya, ka dai adana mini ko?"

Ya juyo mata da allon, babu ko layi ɗaya a kai.